Ciwon La'asar

Jiya na ji ɗayanku, wancan dogon mai farin tabarau, yana gaya wa abokinsa a bakin famfo wai ɗakin Baba Labaran wurin hutu ne. Wai ba jini, ba ɗinki, ba guje-guje, daga ɗaga hannu sai sauke hannu, daga rufe ido sai buɗe ido. Na ji ka sarai, ɗan nan, kunnena bai mutu ba tukuna. Kada ka wani sunkuyar da kai, ni ma abin da na faɗa ke nan lokacin da aka turo ni ɗakin nan ina sa'anka. Tunda yau likita bai zo ba, marasa lafiya kuma sun watse, ku jawo bencin can ku zauna, ku mayar da wayoyin nan aljihu. Shekara ashirin da bakwai ina wannan hutun, bari in ɗan gaya muku yadda yake.

Ga kayan aikin nan a kan tebur, aljihun riga ɗaya ya ɗauke su duka. Gudumar roba ta bugun gwiwa. Ƙarfen nan mai baki biyu, a buga shi ya yi ta rawa, a ɗora wa mutum a idon sawu a tambaye shi ko yana ji. Auduga, tsinken sakace, da agogo mai hannun daƙiƙa. Waccan da kuke gani lulluɓe da zane ita ce na'urar gwajin jijiya, mai tura ɗan lantarki a hannu ko ƙafa ta auna saurin tafiyar saƙo. Ta zo mana a makare, ta yi aiki damina uku, wani abu ya ƙone a cikinta ranar da janareto ya haukace, har yau ana jiran mai gyara. Ban yi kewarta sosai ba, don kafin ta zo ma da ido da hannu muke aiki. Kalmar jijiya kanta ta ishi mutum wahala a garin nan. Hanyar jini jijiya ce, igiyar da ta ɗaure nama da ƙashi jijiya ce, wadda ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa ita ma jijiya ce. Mutum zai zauna ya ce maka ciwon jijiya ke damunsa, ya zuba maka ido, kai za ka nemo wacce yake nufi.

Wanda ya koya mini aikin nan Dakta Labbo ne, Allah ya jiƙansa, wani siririn Basakkwace mai faɗan tsiya. Ranar da na fara, na zo da sabuwar farar riga da biro uku a aljihu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗauki kujera da kansa ya dire ta a bakin ƙofa ta waje, ya ce, "Zamna nan. Kak ka taɓa kowa. Ka dubi yadda mutane ka tahiya, ka saurari takalminsu." Wata uku ina zaune a wurin kamar maigadi. Abokan karatuna suna wucewa da sirinji a faranti suna tambayata ko an ba ni sanda da fito. Kullum kafin a tashi sai Dakta ya kira ni ya ce in kwaikwayi tafiyar mutum uku da na gani, shi kuma ya faɗi ciwonsu bai duba kati ba. In na kwaikwaya ba daidai ba, gobe in sake.

Wani manomi daga Wonaka shi ne na farko da na gane da kunne. Tun daga nesa na ji takalminsa na dama yana bugun siminti, fat, fat, na hagu kuwa shiru. Yana ɗaga gwiwar dama sama kamar mai tsallake kunyar gona, saboda tafin ƙafar ya saki, ba ya ɗaguwa. Na shiga da gudu na gaya wa Dakta. Bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Tambaye shi wa yay yi mai allura ga ɗuwawu." Haka kuwa aka yi. Wani mai kemis ne ya soke shi inda bai kamata ba, allurar ta sami babbar jijiyar ƙafa. Muka yi masa takalmin roba mai riƙe sawu, muka yi wata shida ana gashi ana motsa ƙafar. Ta dawo rabi, da rabin ya ci gaba da nomansa.

Mutumin nan ne kuma ya jawo mini wankin babban bargo. Ya dawo bayan wata guda, na ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi, ni kuma na rubuta a katinsa cewa yana samun sauƙi. Dakta ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Labaran, kai ɗan ina ne? Ka taɓa zuwa gaida marar lahiya yac ce maka ba sauƙi? Mutum shina bakin kushewa, ka ce mai ya jiki, da sauƙi za shi ce maka. Wagga gaisuwa ce, ba awo ba ne." Ya yage takardar a gaban mutumin da matarsa. Ya ce daga ranar in na sake rubuta kalmar sauƙi babu lamba a gefenta, in tattara birona in koma ɗakin allura. Taku nawa mutum ya yi kafin ya tsaya, daƙiƙa nawa ya riƙe hannu a sama, loma nawa ya tauna kafin muƙamuƙi ya gaji, abin da ake rubutawa ke nan.

Wasu masu bincike sun taɓa zuwa mana daga wata jami'a, mutanen kirki, da tarin takardun tambayoyi da suka fassara da Hausa tsaf. Tambayar farko ita ce ko kana jin gajiya. Suka yi kwana biyu suna cikewa, sai shugabarsu ta same ni da mamaki, wai duk wanda suka tambaya sai ya ce ba gajiya, alhali wasu a keken guragu aka turo su. Na yi dariya har da tari. Na ce, "Hajiya, ai gaishe su kuke yi, su kuma suna amsawa." Muka zauna muka sake tambayoyin. A tambayi mace ko tana iya gama dakan turmi ɗaya ba ta huta ba. A tambayi namiji ko yana miƙewa daga sujada bai dafa ƙasa ba. Sai ga gajiya ta cika takarda.

Dariyar ɗakin nan ba ta da yawa, shi ya sa nake tuna waccan. Akasarin cututtukan da ke shigo mana ta ƙofar nan, sunansu kawai muka sani. Wata mata daga Nahuce ta kawo 'ya'yanta maza biyu. Babban ba ya tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa ya yi ta hawa jikinsa da hannu, sha-raɓarsa ta yi kauri amma ba ƙarfi a ciki. Na tambaye ta ko tana da 'yan'uwa maza. Ta ce biyu ne, duk sun zauna kafin su balaga, duk sun rasu ba su yi aure ba. Ashe ta riga ni sanin abin da ta kawo. Ta ce, "Malam, ƙaramin hwa?" Ƙaramin yana ta guje-guje a baranda, amma na ga yadda yake taka ƙasa da yatsu. Dakta ne ya gaya mata, ni na riƙe ƙofa. Ta yi godiya, ta goya babban duk girmansa, ta kama hannun ƙaramin suka fita. Irin wannan shi ne aikin yau da kullum. Ka sa wa ciwo suna, ka koya wa uwa yadda za ta riƙa juya ɗanta kada ya yi gyambo, ka ce su dawo bayan wata uku.

Wata malamar firamare daga Bungudu, a kanta na koyi awon da ya fi kowanne muhimmanci a ɗakin nan. Ta yi gudawa ta warke, bayan sati biyu ƙafafu suka mutu, mutuwar tana hawa sama kullum. Ranar da aka kawo ta tana hira da mu ƙalau, danginta har suna cewa a ba su magani su koma. Dakta ya ce ta ja numfashi ta cika ƙirji, ta yi ta ƙirga a bayyane har iskar ta ƙare. Ta kai ashirin da biyu. Bayan sa'a huɗu ya ce ta sake, ta tsaya a sha shida. Nan take ya sa aka gungura gadonta kusa da injin numfashi. Ya ce mini mai lafiya yana wuce talatin, wanda ya kasa kai ashirin ka sa masa ido, wanda ya faɗo sha biyar ba ya kwana a gida ko ubansa ne sarkin gari. Kafin gari ya waye an ɗora ta a kan injin. Ta yi kwana goma sha tara a kai, kuma har ta yi ritaya tana koyarwa, tana dogara sanda.

Yanzu bari in zo kan Dikko, don saboda shi na zaunar da ku. Bafulatani ne makiyayi daga wata ruga bayan Tsafe, ɗan shekara arba'in da wani abu, dogo, mai ɗan gemu. Lokacin Dakta Labbo ya riga ya rasu. Wani matashin likita ke zuwa mana sau biyu a wata, sauran ranakun ni ke tace mutane in rubuta masa abin da na gani. Wan Dikko, Umaru, shi ya kawo shi, da leda cike da katunan asibitoci. Wani wuri an ce hawan jini ne, wani wuri an ce ido ne an ba shi tabarau, a gida an ce iska ce an yi hayaƙi har an gaji. Wani ma'aikaci ma cewa ya yi lafiyarsa ƙalau, son jiki ne kawai. Na bi katunan ɗaya bayan ɗaya, na ga duk da safe aka duba shi, saboda mutanen karkara da sassafe suke shigowa don su koma da sauran rana.

Da safen kuwa ni ma ban ga komai ba. Na buga gwiwa ta amsa, na soka tsinke ya ji, na ce ya matse mini yatsu ya kusa karya su. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, saboda haka ina da ikon yi wa kowane Bafulatani wasa. Na ce, "Kai bawana, lafiyarka lau, kiwon ne ya ishe ka."

Ya yi murmushi ya ce, "Barebari sun kama aikin likita? Lalle duniya ta zo ƙarshe."

Umaru ne bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, in rana ta yi sanyi ba haka shike ba. Ido shina ruhewa da kainai. Saniya guda, biyu shika gani. Nono in ya sha, ta hanci shika hitowa."

Na ce, "Yau na ga Bafulatanin da shanunsa suka ninka ya zo neman magani." Ina wasan ne, amma hankalina ya riga ya tafi wani wuri. Na ce musu yau ba komawa. Umaru ya yi ta roƙo saboda dabbobi, na ce ga baranda nan su kwana. Na zaunar da Dikko a gindin dogonyaron can, na sa aka sayo masa tsire mai tauri na ce ya cinye. Da la'asar na kira shi. Wallahi kamar an canja mutum. Fatar idon dama ta sauko ta rufe rabin ƙwayar, yana ɗage haɓa sama don ya gan ni, magana tana fita ta hanci, tsiren kuma rabinsa na nan cikin takarda, ya ce muƙamuƙi ya ƙi. Na karɓo ƙanƙara wurin mai sayar da ruwan sanyi a bakin get, na naɗe ta a bandeji, na ɗora masa a idon minti biyu cif da agogo. Ina ɗaukewa ido ya buɗe tar. Umaru ya yi salati ya ja da baya.

Ciwon yana da dogon suna a littafinku, ku je ku haddace don jarrabawa. Mu a ɗakin nan ciwon la'asar muke ce masa. Jijiya lafiya, tsoka lafiya, amma a mahaɗarsu jikin mutum da kansa yake tare saƙon, sai tsoka ta yi aiki kaɗan ta gaji, in ta huta ta dawo. Idan ya tsaya a ido, da dama-dama. Idan ya sauko maƙogwaro da ƙirji, tsokar da ke jan numfashi ita ma gajiya take yi, ita kuwa ba ta da lokacin hutu. Saboda haka na ce wa Dikko ya ja numfashi ya ƙirga. Ya dube ni a karkace, ya ce su ba su san ƙirga ba. Na ce, "Ba shanunka na ce ka ƙirga mini ba, rowa za ta kashe ku." Ya ja numfashi ya fara da Fulatanci, go'o, ɗiɗi, tati. Na ce a'a, da Hausa, don in san inda ka tsaya. Ya tsaya a sha tara, na rubuta.

Likita ya zo bayan kwana biyu ya tabbatar, ya ɗora shi a kan ƙwayoyi iri biyu. Ɗaya tana buɗe wa saƙon hanya na 'yan sa'o'i, daga Kano ake kawo mana ita. Ɗayar tana kwantar da faɗan da jiki ke yi da kansa. Na rubuta masa wani kati daban, da boko da ajami, na jera alluran da ba a yi wa mai irin ciwonsa, don akwai na zazzaɓi da na kashe ƙwayoyin cuta da ke iya kwantar da shi cikin kwana ɗaya. Cikin wata biyu ya kai talatin da huɗu, ya koma kiwo. Shekara uku yana zuwa duk farkon wata da man shanu a 'yar roba, wai sadaka ce ga Barebari. Saboda ni ya sayi waya. In bai sami zuwa ba sai ya kira, kafin in gama amsa sallama ya ja numfashi ya fara ɗaya, biyu, uku, ni kuma ina rubutawa. Duk lokacin da wani ya tambaye ni me muke tsinanawa a ɗakin nan, labarin Dikko nake ba shi.

Sai shekarar da aka rufe layukan waya ta zo. Yawancinku kuna sakandare lokacin, abin da kuka tuna kawai an hana ku hira. Mu abin da muka gani daban ne. An rufe kasuwannin ƙauye, an hana sayar da mai a jarka, babura sun yi wuya, hanyar Tsafe kuwa ko da rana tsaka sai da addu'a. Marasa lafiyarmu suka ɗauke ƙafa ɗif, bencin nan da kuke zaune a kai sai ya wuni ba kowa. Wasu da na yi shekaru ina bin ciwonsu, daga wannan lokaci ban sake jin ɗuriyarsu ba. Ga irin su Dikko kuwa abin ninki biyu ne. A daji 'yan bindiga sun kore musu rabin garke, a hanya kuma waɗanda suka tsare ta in sun ga mai kama da shi ba su tsayawa dogon bincike. An sha sauke mutum daga mota a kan idon jama'a, ba a sake ganinsa ba. Shigowarsa Gusau ta zama sayar da rai. Na aika masa maganin wata biyu ta hannun wani direba, ban san ko ya isa ba.

Daga baya aka dawo mana da layi a cikin Gusau, karkara kuwa shiru. Mutane suka gano in an hau wasu duwatsu ta wajen iyaka ana ɗan kama sabis ɗin maƙwabciyar jiha. Wata Talata bayan azahar ina tsugune ina gwada wa wata tsohuwa takalmin roba, ga mutum biyar suna jira don an fara dawowa, sai waya ta yi ƙara. Lambar Dikko ce. Na maƙale ta a kafaɗa, hannuwana biyu suna kan ƙafar tsohuwa.

"Bawana! Ashe kana raye? Yaya jiki?"

Shiru, sai iska ke hurawa a wayar. Can ya ce, "Da sauƙi, Malam."

"Magani ya iso?"

"Ya iso."

"Kana sha?"

"Ina sha." Ya sake yin shiru. "Malam... hanya..."

Maganar tana yankewa, tana fita a shaƙe, na ɗauka sabis ne. Na ce, "Na sani, hanya ba kyau. Tunda da sauƙi kada ka yi kasada. Ka zauna inda kake, ka ci gaba da shan magani, in ta lafa ka zo."

Ya ce, "To."

Layin ya katse. Na ajiye waya na ci gaba da ɗaure wa tsohuwa takalminta, har ina murna na ji muryarsa.

Ku dube ni da kyau. Lokacin shekarata ashirin da uku a ɗakin nan, ni ne nake yage wa irinku takarda in kun rubuta sauƙi ba lamba. Mutumin da shekara uku bai taɓa kirana bai ƙirga ba, ya kira bai ƙirga ba, ni kuma ban ce ya ƙirga ba. Na tsokane shi bai rama ba. Kalma bibbiyu yake yi yana tsayawa, kuma na san abin da ke sa mutum haka. Awon duka bai kai rabin minti ba, kuma a cikin duk aikinmu shi kaɗai ake iya yi ta waya. Sai da na sallame sallar magariba abin ya faɗo mini. Na kira, ba ta shiga. Na kira washegari, na kira jibi. Na je tasha na roƙi direbobin Tsafe su kai saƙo, suka ce ba mai shiga wajen rugarsu yanzu. Na dawo ina ta gaya wa kaina ai ya ce da sauƙi.

Bayan kamar sati bakwai Umaru ya shigo, shi kaɗai. Ya rame, ya bar sanda da malfa a gida, ya sa hula irin ta 'yan gari don kada a tsayar da shi a hanya. Muka gaisa har ƙarshe, gida, iyali, dabbobi, hanya. Sannan ya ce Dikko ya rasu, kwana huɗu bayan wayar, da hantsi.

Na yi masa gaisuwa, na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce zazzaɓi da tari suka kama shi, aka samo wani mai yawo da magani a jaka ya yi masa allura kwana uku. An nuna masa katin, ya ce wannan na 'yan asibiti ne, shi nasa aikin daban. Daga nan wuya ya daina ɗaukar kai, ruwa ya daina wucewa sai da kyar, ƙwayar ma sai an niƙa ta.

Ya ce, "Ranar da yak kira ka, mu huɗu munka ɗauke shi cikin bargo munka hau dutsen da shi. Tun hantsi muka hawa, muna aje shi muna hutawa. Mun samu mai mota ƙasa, wani bawan Allah, yac ce za ya yi kasada ya kai mu Gusau in dai tahiyar dole ce. Ni nac ce mu tahi kawai. Dikko yac ce a'a, ba a sa mutum biyar ga halaka sabili da shi sai an ji ta bakinka. In Malam yac ce a zo, a tahi."

Na ce, "To me ya hana shi gaya mini halin da yake ciki? Kai me ya hana ka karɓar wayar?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Ka tambaye shi jiki, ya amsa maka. Ina wansa, ina tsaye bisa kainai, ya za shi ce shina jin wuya gabana? Ni kuma ya zan hizge waya ga hannun mutum shina magana da malaminsa?" Ya gyara zama. "Da kac ce a zamna, yad dube mu yac ce, kun ji, Malam ya ce a jira. Munka sallami mai mota, munka sauko da shi. Wallahi, Malam, bai taɓa tsallake maganarka ba har ya cika. Shi yas sa naz zo da kaina in yi maka godiya."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan rana ba, kuma ba na fatan ɗayanku ya ji irinsa. A makon da ya kira, injin numfashinmu yana aiki, ba kowa a kansa, likita kuma yana gari saboda shi ma hanya ta hana shi komawa gida. Na ga waɗanda suka fi shi yin nisa an ɗora su a kai, bayan sati biyu sun fita da ƙafarsu. Ban ce lallai da sun iso lafiya ba, hanyar nan Allah kaɗai ya san abin da za su tarar. Amma mutumin ya sa an hau da shi dutse a cikin bargo don ya ji kalma ɗaya daga bakina, ni kuma na ba shi kishiyarta, hankalina yana kan takalmin wata.

Umaru ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo. Ya ce, "Malam, abu guda matarsa tac ce in tambaye ka, ta ishe ni da shi kullum. Da mun kawo shi rannan, da ya tashi?"

Ya tsaya yana jira, hannunsa a kan ƙyauren. Sannan na ce, "Umaru, kwana ne ya ƙare."

Ya ce, "Haka nac ce mata." Ya sauke ajiyar zuciya, har fuskarsa ta ɗan saki. Gaskiya na faɗa masa, amma ba ita ce amsar abin da ya tambaya ba, kuma ita zai kai wa matar. Ya yi mini sallama, ya fita da sauri don ya sami motar Tsafe kafin ta cika.